Kwaikwayon safaktan a saman ruwa ta kwamfuta: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga ɗaliban kimiyyar sinadarai da na injiniyanci da suka shiga aikin kwaikwayon safaktan a kwamfuta, da kuma masu karanta sakamakon wasu suna son sanin wanda za su yarda da shi. An fara da na tushe, sannan aka gangara zuwa inda aikin yake da wuya.

Mene ne safaktan, kuma me yake kai shi saman ruwa?

Safaktan molekul ne mai ɓangare biyu da halinsu ya sha bamban. Kansa yana son ruwa, ko don yana ɗauke da caji, ko don yana iya ƙulla alaƙa da molekul ɗin ruwa. Wutsiyarsa kuwa sarƙa ce ta kabon da haidirojin, dangin mai, ba ta jituwa da ruwa. Sabulu safaktan ne, haka sinadaran da ke aiki a cikin omo da man wanke gashi. Wanda aka fi yin nazari a kansa shi ne SDS (sodium dodecyl sulfate), mai kabon 12 a wutsiya da kan salfet mai cajin nagatif, wanda ayon ɗin sodiyam, wato atom ɗin sodiyam mai caji, yake yi wa rakiya.

Molekul ɗin ruwa suna jan juna da ƙarfi. Waɗanda suke can sama ba su da maƙwabta ta gefen iska, saboda haka ruwa kullum yana neman rage faɗin samansa, shi ya sa ɗigo yake dunƙulewa. Wannan shi ne tsaurin saman ruwa, kuma a ruwa zalla ya kai kusan miliniyuton 72 a kowace mita a zafin digiri 25. Idan wutsiyar safaktan tana tsakiyar ruwa, sai ruwan da ke kewaye da ita ya takura. A sama kuwa kowane ɓangare ya sami abin da yake so: kai a cikin ruwa, wutsiya a iska ko a cikin mai. Idan SDS ya cika saman, tsaurin yakan sauko ƙasa da 40. Daga nan kumfa take samuwa, daga nan kuma ruwa yake samun damar ratsa zaren tufafi ya ɗago maiƙo.

Tunda ana iya auna wannan a ɗakin gwaji, me kwamfuta za ta ƙara?

Awo ya daɗe. A 1774 aka buga bayanin Benjamin Franklin kan yadda ɗan mai kaɗan ya bazu ya kwantar da ruwan wani tafki a Clapham da ke Landan. A 1891 mujallar Nature ta buga wasiƙar Agnes Pockels, 'yar Jamus da ta ƙera wa kanta abin auna tsaurin saman ruwa a gida. A 1917 Irving Langmuir ya nuna cewa irin waɗannan molekul suna jeruwa ne layi ɗaya tak a saman ruwa, kai ƙasa wutsiya sama, aikin da yana cikin abin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1932.

Sai dai kaurin wannan layi bai wuce nanomita ɗaya zuwa biyu ba (nanomita shi ne mita da aka raba gida biliyan), kuma molekul ɗin ba sa tsayawa wuri ɗaya. Abin awo yana ba da adadi guda, matsakaicin abin da molekul bila adadin suke yi. Ko hanyoyin zamani irin su harba niyutiron a saman ruwa a duba yadda ya dawo, sai an ɗauki wani fasali na zato an gwama shi da sakamakon kafin a ce ga yadda layin yake. Kwaikwayo yana ba da matsayin kowane atom a kowane lokaci: ina sodiyam yake zama, wutsiya a miƙe take ko a lanƙwashe, ruwa ya kutsa har ina. Ana kuma iya canja abu ɗaya tak, a ƙara kabon biyu a wutsiya ko a cire cajin kai, a ga abin da zai biyo baya tun ba a haɗa sinadarin ba. Amma kwaikwayo ba ya maye gurbin awo. Da awo ake gwada shi, kamar yadda za a gani a amsar yadda ake gane sakamako abin yarda.

Yaya kwamfuta take yin wannan kwaikwayo?

Hanyar da aka fi bi ita ce lissafin motsin molekul. Ana ba kowane atom wuri da gudu na farko. Kwamfuta ta lissafa ƙarfin da sauran atom suke yi a kansa, ta yi amfani da dokar motsi ta Newton ta matsar da shi ɗan taƙi kaɗan, sannan ta sake lissafi daga sabon wurin. Haka za ta yi ta maimaitawa. Tazarar kowane taki dole ta zama ƙarama fiye da lokacin girgizar alaƙar atom, shi ya sa ake ɗaukar femtosakan 1 ko 2. Femtosakan ɗaya shi ne sakan guda da aka raba gida miliyan sau biliyan. Da taki na femtosakan 2, sai an yi taki miliyan 50 kafin a sami nanosakan 100.

Alder da Wainwright ne suka fara a 1957 da ƙwallaye masu tauri. A 1964 Aneesur Rahman ya kwaikwayi ruwan agon da atom 864 a cibiyar Argonne ta Amurka, a 1971 kuma shi da Frank Stillinger suka yi na ruwa. Akwai hanya ta biyu, Monte Carlo, wadda ta samo asali a 1953, mai gwada matsar da molekul ta hanyar ƙuri'a maimakon bin lokaci. Tana da amfani wajen tambayoyin daidaito, amma ba ta faɗin saurin faruwar abu.

Daga ina kwamfuta take sanin ƙarfin da ke tsakanin atom da atom?

Ba ta sani ba, gaya mata ake yi. Ana ba ta kundin ƙa'idojin ƙarfi, wato jerin lissafi da adadi da suke bayyana tsawon kowace alaƙa, kusurwarta, yadda sarƙa take murɗawa, cajin da aka ɗora wa kowane atom, da yadda atom biyu suke jan juna daga nesa su kuma ture juna idan sun matso sosai. Sanannun kundaye su ne CHARMM, AMBER, OPLS da GROMOS. Adadin da ke cikinsu an samo su ne daga lissafin kwantam da kuma daidaitawa da awo na gaske.

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne sabon shiga ya fi sakaci. Yawancin kundayen an gina su ne don furotin da kitsen jikin halitta a tsakiyar ruwa, ba don saman ruwa ba. Tsohon tsarin OPLS yakan sa dogayen sarƙoƙin kabon su daskare a zafin da ya kamata a ce suna ruwa-ruwa, har sai da aka fitar da gyara a 2012. A wasu kundayen kuma sodiyam yana manne wa kan salfet fiye da ƙima, sai kawunan su cure su ba da fasalin da babu shi a zahiri. Kuma ba a ɗauko wutsiya daga wannan kundi, ayon daga wancan, ruwa daga na uku, don kowane kundi an daidaita shi ne da samfurin ruwansa.

Yaya ake gina saman ruwa a cikin kwamfuta, alhali akwatin ɗan ƙarami ne?

Ana ɗaukar akwati mai tsawo, a sa falan ruwa a tsakiya mai kaurin nanomita 5 zuwa 10, a bar fili babu komai a sama da ƙasa. Wannan fili shi ne yake tsayawa a matsayin iska, kuma hakan bai ɓata komai ba, don iska ba ta da cunkoson da zai yi tasiri a irin wannan girma. Akwatin yana maimaita kansa ta kowane gefe: molekul da ya fita ta dama yana shigowa ta hagu. Ta haka ruwan ba shi da bango, sai ya zama kamar shimfiɗa marar iyaka.

Abubuwa biyu ne suke biyo bayan wannan tsari. Na farko, falan yana da fuska biyu, ta sama da ta ƙasa, kuma an fi son a sa safaktan daidai wa daida a kowace. Na biyu, dole filin ya yi tsawo yadda wutsiyoyin wannan fuska ba za su ji na kwafin akwatin da ke bisa ba, ruwan kuma ya yi kauri yadda tsakiyarsa za ta zama ruwa na sosai. Ga safaktan mai caji wannan ya fi muhimmanci, saboda ƙarfin lantarki yana kai wa nesa. Ana lissafa shi da hanyar Ewald, galibi a sigarta mai sauri da aka fitar a 1993. A tsarin ruwa da iska ana riƙe girman akwati yadda yake, a daidaita zafi kawai.

Ta yaya ake fitar da tsaurin saman ruwa daga kwaikwayon?

Daga bambancin matsi. A tsakiyar ruwa matsi ɗaya ne ta kowace fuska. A kusa da saman kuwa, matsin da ke bin shimfiɗar saman ya gaza wanda yake tsaye a kanta. Kirkwood da Buff ne suka kafa lissafin a 1949. A aikace, ana ɗaukar matsin tsaye, a cire matsakaicin matsi biyu na kwance, a ninka da tsawon akwati, a raba biyu saboda fuska biyun da aka ambata a amsar da ta gabata. Manta wannan rabawa kuskure ne da ake yawan gani. Mai amfani da manhajar kwaikwayo ta GROMACS ya lura cewa adadin da take bayarwa na fuskokin duka ne, a ma'aunin bar (ma'aunin matsi) sau nanomita, sai an raba biyu an kuma raba goma kafin ya koma miliniyuton a kowace mita.

Matsi a ƙaramin akwati yana tsalle sosai, daga taki zuwa taki yana iya hawa da sauka da ɗaruruwan bar. Don haka adadin lokaci guda ba shi da ma'ana. Sai an tara na nanosakan masu yawa, an raba su kashi-kashi, an fitar da matsakaici tare da gwargwadon kuskurensa.

Na gwada da ruwa zalla ban sami 72 ba. Wani abu na ɓata?

Ba lallai ba. Samfuran ruwa da kansu ba sa ba da 72. TIP3P na 1983, wanda CHARMM da AMBER suka saba tafiya da shi, yana ba da wajen 50. SPC/E na 1987 yana haura 60 kaɗan. TIP4P/2005 na Abascal da Vega yana kusantar 69, shi ya sa masu aikin saman ruwa suke son sa. Ban da haka, nisan da aka yanke lissafin jan juna yana tasiri: idan aka yanke a kusa, tsaurin yakan ragu da 'yan miliniyuton, sai an ƙara gyara ko an lissafa jan har nesa.

Shawarar da ba ta da madadi ita ce a fara da ruwa zalla, da saiti iri ɗaya da wanda za a yi amfani da shi daga baya. Sannan a riƙa ba da rahoton yawan ragin da safaktan ya kawo a kan wannan adadi. Wanda ya sami 38 da TIP3P ya yi murna don ya yi daidai da awo, ragin da ya samu 12 ne kacal, alhali na gaske ya haura 30.

Safaktan nawa zan sa, kuma yaya zan danganta shi da yawan da ake narkawa a ɗakin gwaji?

Wannan ce tambayar da ta fi rikita mutane, kuma ta cancanci a yi mata lissafi. Idan aka ci gaba da ƙara safaktan a ruwa, akwai inda saman yake cika, sauran su fara taruwa a tsakiyar ruwa su yi ƙulli, wutsiyoyi a ciki kawuna a waje. Ƙullin shi ne misel, yawan da ake fara samunsa kuma shi ake taƙaitawa da CMC. Ga SDS, CMC kusan milimol 8 ne a lita, misel ɗaya kuma yana ɗauke da molekul wajen 60. Lita ɗaya ta ruwa tana da mol 55.5. Ke nan a CMC, SDS ɗaya ne a cikin molekul ɗin ruwa kusan 7,000. Wannan adadin ruwa yana cika akwati mai nanomita 6 ta kowane gefe. Fuskar akwatin murabba'in nanomita 36 ce, kuma tunda kowane SDS yana cin wajen 0.45 idan saman ya cika, fuska ɗaya za ta ɗauki kusan 80. Wato 160 a fuskoki biyu, ɗaya tilo a tsakiya.

Da molekul ɗaya ba a yin ƙididdiga. Saboda haka a kwaikwayo ba a zaɓar yawan da ke cikin ruwa, ana zaɓar yawan da ke saman ne, wato filin da kowane molekul ya samu. Ana gudanar da jerin kwaikwayo, wannan da 20 a fuska, wancan da 40, wani da 60, a zana yadda tsaurin yake sauka. Gadar da take haɗa wannan da awo ita ce lissafin Gibbs na shekarun 1870, wanda yake fitar da yawan da ke saman daga yadda tsauri yake sauka idan an ƙara sinadari. Ga safaktan mai caji a ruwan da babu gishiri, akwai ninkin biyu a cikin lissafin saboda ayon ɗin rakiya, kuma yana ɓacewa idan gishiri ya yi yawa.

Idan aka cusa fiye da abin da saman zai ɗauka, a zahiri rarar za ta nutse ta yi misel. A kwaikwayo lokacin bai isa hakan ta faru ba, sai a ga saman ya lanƙwashe ko tsaurin ya faɗi ƙasa warwas, wani lokaci har ƙasa da sifili. Wannan ba gano sabon abu ba ne, alama ce ta an cika lodi.

Mece ce hanyar dunƙulawa, kuma yaushe ya kamata a koma gare ta?

Fitar molekul ɗaya daga misel yana ɗaukar kimanin mikrosakan, rushewar misel gaba ɗaya kuwa milisakan ko fiye. Bin kowane atom ba ya kai wa nan cikin sauƙi. Sai aka ɓullo da dunƙule atom da yawa su zama ƙwallo ɗaya. A tsarin Martini, wanda Siewert-Jan Marrink da abokan aikinsa suka gina a jami'ar Groningen ta ƙasar Holan, kusan manyan atom huɗu, wato waɗanda ba haidirojin ba, su ne ƙwallo guda, molekul huɗu na ruwa ma ƙwallo guda. SDS sai ya koma ƙwallo huɗu, ɗaya kai uku wutsiya, taki kuma ya kai femtosakan 20 ko fiye. Martini 3 ya fito a 2021. Akwai kuma DPD, wata hanyar dunƙulawa wadda Hoogerbrugge da Koelman suka gabatar a 1992, Groot da Warren suka daidaita ta da halin sinadarai na gaske a 1997. Tun a 1990 Berend Smit da abokan aikinsa suka nuna da samfuri mai sauƙi cewa misel da layin safaktan a mahaɗar ruwa da mai suna haɗa kansu da kansu, ba tare da an tsara musu ba.

Abin da aka samu na lokaci da girma, an biya shi da dalla-dalla. Ruwan Martini yana da tsaurin sama ƙasa sosai da na gaske, DPD ta asali kuwa ba ta iya riƙe iyakar ruwa da iska ko kaɗan. Idan tambayar ita ce ina ayon yake zama ko yaya ruwa yake juyawa kusa da kai, a tsaya a kan atom. Idan tambayar fasali ce, misel zagayayye ne ko dogo, layi yana naɗewa ko yana tsagewa, dunƙulawa ta fi dacewa.

Akwai bambanci tsakanin saman ruwa da iska da kuma mahaɗar ruwa da mai?

Akwai. Maimakon fili, ana cika sauran akwatin da mai irin su diken, kuma a nan ana barin tsawon akwati ya motsa don a riƙe matsin tsaye, faɗin fuska yana nan yadda yake. Tsaurin mahaɗar ruwa da irin wannan mai wajen 50 ne. Man yana kutsawa tsakanin wutsiyoyi ya miƙar da su. Masu haƙo ragowar ɗanyen mai daga cikin dutse suna neman tsaurin ya sauka zuwa kusan 0.001, wanda ya yi ƙasa ƙwarai da kuskuren lissafin matsi da aka yi bayani a sama. A irin wannan hali ba tsaurin ake bi kai tsaye ba, ana duba yadda layin yake son lanƙwasa, ta wajen mai ko ta wajen ruwa, da kuma taurinsa.

Yaya zan gane sakamako abin yarda ne, nawa ko na wani?

Ana cewa gani ya kori ji, amma a wannan aiki bidiyo mai kyau ba hujja ba ne, don kundin ƙarfi mara kyau ma yana fitar da hoto mai ɗaukar ido. A duba ko an faɗi samfurin ruwa da tsaurinsa shi kaɗai. A duba ko tsauri da kaurin layi sun daina sauyawa kafin a fara tara adadi. A duba ko an maimaita daga mafari daban, misali a jera molekul a saman a wani gwajin, a watsa su a wani, a ga ko sun haɗu a wuri ɗaya. A ninka faɗin akwati a ga ko amsar ta tsaya. Sannan a gwada da wata ƙa'ida da awo ya tabbatar, kamar ta Traube ta 1891, wadda ta ce duk ƙarin kabon ɗaya a wutsiya yana rage yawan sinadarin da ake buƙata kusan sau uku.

Awon ma sai an tantance shi. SDS yakan lalace a hankali ya saki wani sinadari mai suna dodekanol, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa yana sa tsaurin ya faɗi ƙasa sannan ya sake hawa kusa da CMC. Kwamfuta tana kwaikwayon sinadari tsantsa, don haka gwama ta da awon gurɓataccen samfuri zalunci ne a kanta. A ra'ayina, kwaikwayo ya fi ƙarfi wajen faɗin wanne ya fi wanne da kuma dalili, ya fi rauni wajen ba da adadi tsayayye.

Me aka koya daga wannan aiki da ba a gani sosai a da?

Zanen littattafai yana nuna safaktan a jere, a miƙe, kai ɗaya. Kwaikwayo ya nuna cewa layin safaktan mai narkewa a hargitse yake: wutsiyoyi suna karkata suna lanƙwasa, idan fili ya yi yawa ma kwanciya suke yi a kan ruwa, sai an matse su suke miƙewa. Kawunan ba a layi ɗaya suke ba, wasu sun nutse wasu sun ɗago, kuma ayon ɗin rakiya da yawa suna shiga har tsakaninsu su rage turin da suke yi wa juna. Wannan yana bayyana dalilin da gishiri yake sa layin ya ƙara matsewa.

Inda abin ya fi taɓa rai shi ne huhu. Ƙananan jakunkunan iska na huhu suna da ruwa a jikinsu, kuma ba don safaktan da jiki yake yi ba, wanda babban sinadarinsa wani nau'in kitse ne mai suna DPPC, da sun manne duk lokacin da aka fitar da numfashi. A 1959 Mary Ellen Avery da Jere Mead suka nuna cewa rashinsa ne yake jawo wa jarirai bakwaini matsalar numfashi. Kwaikwayo da Martini ya nuna yadda irin wannan layi, idan an matse shi, yake naɗewa ya tura rararsa cikin ruwa a matsayin falle biyu da ke manne da shi. Irin wannan nazari ana yin sa a kan kumfar kashe gobara, da maganin feshi da ake so ya kama ganye, da ɗigon ruwan da ke haɗa gajimare.

Da wace manhaja da wace irin kwamfuta zan fara?

GROMACS, wadda ta samo asali a Groningen, da LAMMPS ta cibiyar Sandia a Amurka, duka kyauta ne. GROMACS ta fi sauƙi ga safaktan a ruwa da kuma Martini, LAMMPS ta fi sakin hannu ga DPD da samfuran da mutum ya ƙirƙira. Packmol tana jera molekul a akwatin farko, VMD kuma tana nuna su. Akwatin da aka yi lissafinsa a sama, da ruwa 7,000 da SDS 160, bai kai atom 40,000 ba, kuma kwamfuta ɗaya mai katin GPU na kirki tana iya ba da nanosakan 100 nasa a kwana ɗaya ko biyu. A fara da falan ruwa zalla har sai tsaurinsa ya yi daidai da wanda aka sani na wannan samfuri, sannan a ɗora SDS 20 a kowace fuska, a riƙa ƙarawa.